Alkamar da Aka Taka a Torrecupa

Salerno, farkon Maris, 1885

Zuwa ga kawunmu, Zi Ottavio,

Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku, alhali ba ku san ni ba, ba ku kuma nemi jin labarina ba. Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa na yaga, har abokiyar ɗakina ta ce in ban aika ba ita za ta kai gidan waya da kanta. Sunana Erminia, 'yar Assunta, jikar yayarku Carmela ta Torrecupa. Wani mai sayar da littattafai a nan ne ya ce mini kuna aikin gyaran rubutu a wata maɗaba'a a Genova.

Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu dai mun gode Allah. Gwiwoyin kakata, Nonna Carmela, sun ƙi, amma Mamma ta ce bakinta yana nan yadda kuka bar shi. Mamma ta sha tari da sanyin bana, yanzu ya sauka. Babana ya rasu bara waccan. Ni kuma ina ajin ƙarshe a makarantar horon malamai mata.

Ga abin da ya sa na rubuto. Magajin garinmu, Don Rocco, ɗan marigayi Don Saverio, zai kafa allon marmara a bangon majalisa a ƙarshen Yuni. Za a yi shi ne don tunawa da samarin da kuka zo da su kusan shekara talatin da suka wuce, zamanin sarkin Napoli, waɗanda suka zo su tayar da ƙauyuka domin a haɗa Italiya ƙasa ɗaya, aka kashe su a gonakinmu. Don Rocco ya ce ni zan karanta jawabi, tunda ni ce 'yar garin ta farko da ta yi nisa a karatu, ga shi kuma ni jininku ce. Ya ce in na karanta da kyau, ajin 'yan mata da za a buɗe a garin nawa ne. Zi, ina son aikin nan ƙwarai. In na samu zan zauna kusa da Mamma da Nonna. In ban samu ba, hukuma za ta jefa ni duk inda ta ga dama.

Sakatarensa ne ya rubuta jawabin. A tsakiyarsa an ce waɗanda suka kashe samarin garken jahilai ne, dabbobi masu ƙafa biyu, da limamin coci ya sako kamar karnukan farauta. Kowa a garin ya san mata ne suka fita ran nan, kuma Nonna tana kan gaba.

A littafin tarihinmu an ce boren wancan zamani sun faɗi ne domin jama'a ba su nuna ba tukuna. Na haddace, na kuma ci jarrabawa da shi, amma ban gane ba. Ku kuna wurin. Me ya sa abin ya ƙi? In na san gaskiya, wataƙila zan san ko zan iya karantawa.

Ina sumbatar hannunku.
Erminia


Genova, ƙarshen Maris

Erminia,

Takardarki ta same ni. Rubutunki ya yi kyau. Kuskure biyu kawai na tsinta, kada ki ji kunya, sana'ata ce, ko allon kabari na gani sai na duba. Lafiya da sauƙi. Idanuna sun fara gajiya, ƙurar dalma kuma ta zauna mini a ƙirji. Mai gidan da nake haya tana zuba koren ganye a kowane abinci, shekara da shekaru ban saba ba. Ki gaida mahaifiyarki. Sa'ad da na bar gida ina yaro, tana rarrafe.

Kin yi tambayar da tsofaffi irina suke faɗa a kanta kullum a shagon shan kofi. Tun kafin tafiyarmu, a shekarar 1848, kusan ko'ina an tashi: Milano, Venezia, Roma, Palermo. Amma kowa tukunyarsa yake kallo. Mutanen Sicilia rabuwa da Napoli suke so, ba Italiya ba. Masu son sarki da masu son jamhuriya sun fi tsoron juna a kan tsoron sojojin Austria. Sojojin waje suka zo suka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan muka koma ƙungiyoyin asiri, muka ɓoye sirrinmu har ya ɓuya ga mutanen da muke yi dominsu. 'Yan sanda kaɗai suka san komai. Shugabanninmu suna zaune a ƙasashen waje suna auna duwatsunmu da yatsa a kan taswira. A ƙarshe sarkin Torino da ministocinsa da sojojin Faransa suka zo suka sauke girkin da muka hura wa wuta, suka raba yadda suka so.

Tamu tafiyar kuwa, jirgin da ke ɗauke da yawancin bindigogi bai same mu ba. 'Yan ƙungiyarmu na Napoli sun rantse za su tashi, da ranar ta zo suka ce zazzaɓi suke yi. Don Saverio ya ciyar da mu a gidansa, washegari ya rantse wa alƙali tilasta masa muka yi. Yau ɗansa ne mai marmara! Limaminku na lokacin, Don Aniello, ya ce wa mata mu 'yan kurkuku ne da suka tsere, mun zo ƙona coci. Suka yarda.

Akwai wani yaro a gefena ran nan, Achille, ɗan Bergamo, ɗalibin likita, shekararsa sha tara. Ya bar gidan ubansa ya zo ya mutu domin mutanen da bai taɓa gani ba. A masussukar garinku aka gama da shi da lauje. Saboda haka ban ga kalmar da ta yi tsauri a jawabin nan ba. Ki karanta, ki karɓi aikinki, ki koya wa 'yan mata karatu, don kada wani limami ya sake sako su.

Carmela kuwa, kada ki kai mata gaisuwata. Ba ni da abin da zan faɗa mata a takarda.

Ottavio


Salerno, Afrilu

Zi Ottavio,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya sauwaƙe muku ƙirjin nan. Na gode da amsarku, na karanta har ta fara yagewa a ninki. Na je gida hutun Ista, na tarar da kowa lafiya, sai akuyar Mamma da ta mutu wajen haihuwa.

Na bi umarninku, ban kai gaisuwa ba. Ya yi mini ciwo da na ga har yanzu kuna ƙin ta haka. Amma na yi abin da ba ku ce in yi ba: na tambaye ta. Tana cuɗa ƙullin burodin idi, ni ina riƙe mata akushi.

Na ce, "Nonna, me ya faru ranar da Zi Ottavio ya zo da mutanensa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malama ta fara yi wa tsofaffi jarrabawa ke nan? Wa ya tuna miki da wannan rabin limamin?" Haka take kiranku, wai don kun bar makarantar limamai ba ku gama ba. Ku yi haƙuri, yadda ta faɗa nake rubutawa.

Na ce, "An ce Don Aniello ne ya sako ku."

Ta ce, "Don Aniello! Mutumin da ko kazarsa ba ta jin maganarsa? Ya dai buga ƙararrawa ya yi ihunsa, mu kuma muka fito mu gani. Ke, a wane wata suka zo?"

Na ce, "Ƙarshen Yuni."

Ta ce, "To ina mazan garin nan suke a ƙarshen Yuni?"

Zi, sai na ji kunya, domin na sani tun ina ƙarama. Daga idin Sant'Antonio na tsakiyar Yuni, duk namijin da zai iya riƙe lauje yana gangarawa filayen Puglia yin girbin haya, tunda alkamarsu tana riga tamu nuna. Ba sa dawowa sai tamu ta kan dutse ta isa yanka. A tsakanin nan mata ne da gari, su ne masu tsaron gona daga tsuntsu da ɓarawo da wuta.

Ta ce, "Saura kaɗan a yanka. Shekarar da ta gabata ƙanƙara ta cinye mana, mun ci ciyawa da hunturu, na binne ɗa. Sai ga maza sun fito daga ƙofar Don Saverio, bakinsu da maiƙo, sun jeru sun shiga cikin alkama da takalma, suna waƙa. Ba ta gefe ba, Malama, ta tsakiya. Rabin alkamar nan na Don Saverio ne ko an taka ko ba a taka ba. A namu rabin za a cire asarar. Muka yi ta ɗaga hannu muna cewa su fita. Wani mai gemu ya hau dutse ya yi mana dogon wa'azi da harshen littafi. Mun ji yana ta kiran Italiya, Italiya. Rosaria matar maƙeri ta ce, wace ce ita, matar shugabansu ce? Ta kama bakin bindigar wani tana jan sa waje, bindiga ta tashi. Daga nan ban san wa ya fara ba."

Na ce, "Ba ki gane ƙaninki ba ne?"

Ta ce, "Tun daga nesa na gane shi, tafiyarsa irin ta ubanmu. Shi ya sa. Baƙi ba su sani ba. Shi kuwa shekara goma yana cin burodin gonar nan."

Ta ce banda Rosaria, an harbe wata Nunzia mai ciki. Sunayensu ba sa cikin allon marmara.

Ban rubuto wannan don in ce kun yi ƙarya ba. Duk abin da kuka lissafa na yarda da shi. Amma yanzu in na ɗauki jawabin, harshena sai ya yi nauyi.

Erminia


Salerno, ƙarshen Mayu

Zi Ottavio,

Ina gaishe ku. Muna lafiya, jarrabawar ƙarshe ta matso. Kullum sai na tambayi mai tsaron ƙofa ko akwai takarda daga Genova, har ta fara yi mini ba'a wai saurayi na yi. Na san na wuce gona da iri da na kwafo muku maganganun Nonna. In na ɓata muku rai, ku yafe mini, ƙuruciya ce. Don Rocco ya aiko a auna ni a ɗinka mini sabuwar riga don ranar. Mamma tana ta gaya wa maƙwabta na kusa dawowa gida gaba ɗaya. Ban gaya wa kowa damuwata ba sai ku.

Erminia


Genova, Yuni

'Yata Erminia,

Ba fushi na yi ba, asibiti na kwanta. Ƙirjin ne ya tashi. Takardunki biyu suna kan teburina har na fito. Mai gidan haya ta ɗora tukunyar fure a kansu. Yanzu da sauƙi, ina iya hawa bene in na huta a tsakiya.

Da farko, kin karanta ni ba daidai ba. Ban ce ina ƙin Carmela ba. Na ce ba ni da abin da zan faɗa mata a takarda, domin ba ta karatu. Duk abin da na rubuta sai ya fito ta bakin wani, limami ko sakatare. Ba na son ta ji ni da muryar wani.

Sai maganar alkama. Kakarki ta iya ba da labari, tun muna yara haka take. Ta gaya miki sojojin sarki sun tare hanya ta ƙasa? Ta ina za mu bi, ta sama? Ta ce mun fito daga gidan Don Saverio. To gidan wa za mu shiga? Da takarda muke shirya komai, kuma a duk garin masu gona ne kaɗai ke karanta takarda. Mun zo ne da niyyar a bar wa manomi alkamarsa duka, ba rabi ba. Mai gemun nan abin da yake faɗa musu ke nan a kan dutse. Watan kuwa, a nan Genova aka zaɓe shi, bisa ranar tashin jirgi. A ɗakin da aka yanke shawarar akwai lauyoyi da ɗalibai da tsohon hafsa, babu wanda tafin hannunsa ya san lauje. Kuma kada ki ɗauka da mazan suna gida da sun bi mu. Da suna nan, da sun fi saurin gamawa da mu.

Rosaria na san ta, ita ce take ba ni ɓaure in na je maƙera. Ban san ita ce ta faɗi ba. Hayaƙi ya yi yawa.

Yanzu ki saurare ni, ni tsoho ne, na ga yadda ake asarar rayuwa a kan kalma. Da wane harshe aka rubuta jawabin? Da na littafi. Kakarki za ta zauna a dandali da baƙin mayafinta, ba za ta gane ko kalma ɗaya ba. In Don Rocco ya tafa, ta tafa. Babu wanda zai ji ciwo. Ki karanta, ki zauna kusa da uwarki. Marmara ba ta cin abinci, ke kuwa kina ci.

Ottavio


Torrecupa, Yuli

Zi Ottavio,

Gaisuwa da fatan ƙirjin ya ƙara sauƙi. Ku yafe mini mummunar fahimtar da na yi muku. Na ci jarrabawa, na karɓi takardar shaidar malanta. Mamma lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta yi mini magana sosai a kwanakin nan. Za ku ji dalili.

An yi bikin. Wakilin gwamna ya zo daga Salerno, da 'yan busa. Dandali cike da mata da tsofaffi, domin maza suna Puglia. Babu wanda ya tuna da haka wajen sa rana. Aka ajiye wa Nonna kujera a gaba saboda ni. Na hau dandamali. Na yi niyyar bin shawararku, Allah ya sani.

Gaskiyarku ce, ba su gane komai ba. Ina karantawa, Nonna tana murmushi tana zungurar ta kusa da ita, na ji tana cewa, "Ji bakinta, kamar bishop." Haka na yi ta tafiya har na iso wurin dabbobi masu ƙafa biyu. Na ɗaga kai, na ga tana kallona da alfahari, ta shirya hannuwanta za ta tafa. Zi, da za ta gane, wataƙila da na iya. Da ta tashi ta zage ni a gaban kowa, mu yi faɗa, mu shirya. Amma in zage ta tana tafa mini, wannan ne na kasa.

Na mayar da ido kan takardar. Sai na tsallake wurin, na karanta sunayen samarin, har da Achille naku. Da na gama, ban san lokacin da bakina ya koma harshen gida ba. Na ce, "Waɗannan yara sun zo ne don a bar wa manomi alkamarsa duka. Ba su san yadda za su gaya mana ba, mu ma ba mu san yadda za mu tambaye su ba. Sun mutu a nan. Rosaria matar maƙeri da Nunzia ma sun mutu a nan. Allah ya ji ƙansu duka."

Ba wanda ya tafa. Wata tsohuwa a baya ta fara kuka, aka ce ƙanwar Nunzia ce. Sauran suka yi alamar gicciye.

Don Rocco bai ma damu da wurin da na tsallake ba kamar yadda ya damu da harshen. Ya tare ni a bayan dandamali, fuskarsa ja, ya ce, "Signorina, gari ya tura ki karatu don ki zo ki yi yaren awaki a gaban wakilin gwamna?" Ajin 'yan matan an ba wa 'yar ƙanwar sakatare. Ni an tura ni wani ƙauye a tsaunukan Sardegna, sai an haye teku. Zan tafi a watan Oktoba. An ce harshensu ma daban ne, ba zan gane su ba, su ma ba za su gane ni ba. Ina tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Nonna ba ta yaba mini ba. A hanyar gida tana dafe da kafaɗata ta ce, "Ke wawuya ce, Malama. Kin bar aiki a ƙofar gida saboda matattu." Muka yi 'yar tafiya, sai ta ce, "Da gaske duka suka ce za su bar mana? Ba rabi ba?" Na ce haka aka gaya mini. Ta tsaya cak. Ta ce, "Wa ya gaya miki?" Sai na faɗa mata komai, har asibitin. Ta ce, "To ai da sai su faɗa yadda za mu ji." Da muka iso ƙofa ta ce, "Wa ke wanke masa riga a can?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kina rubuta masa takarda wata da watanni ba ki tambayi wannan ba? Me ake koya muku?"

Saboda haka ina tambaya, Zi, wa ke wanke muku riga? Na yi mata alkawari duk abin da kuka amsa zan faɗa mata da harshen gida, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. Na san muryata ba taku ba ce, amma ta gida ce, kuma har Oktoba ina nan.

Ban bi shawararku ba, kuma dalilin da ya sa na fara damun ku ya ƙare. Ba ni da sauran hujjar rubuto muku. Duk da haka, inda zan je ban san kowa ba. In ba zai yi muku nauyi ba, ku ba ni izini in sake rubutowa.

Ina sumbatar hannunku.
Erminia